Goyon Kwamfutar Malam Rufa'i

Malam Rufa'i ya yi shekara ashirin da shida yana buga tafireta a ofishin noman rani, bai taɓa makara ba sai ranar da matarsa Furera ta rasu. A Bebeji Akawu ake kiransa, da yawa ma ba su san sunansa na yanka ba. Siriri ne, ya ɗan yi doro saboda sunkuyo, kullum da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Allah bai ba su haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Gidansa ɗaki biyu ne da bishiyar lemo ɗaya, da yamma kuwa ba a jin motsin kowa a ciki sai na tsintsiyarsa.

Shi ba ɗan Bebeji ba ne. A Gangaren Marke aka haife shi, ƙauyen da ruwan madatsa ya rufe yana da shekara talatin da ɗaya. Mutanen garin suka watse, wasu Kiru, wasu Yako, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. Shi da hannunsa ya buga jerin sunayensu lokacin tashi, shafi goma sha tara. Bayan shekaru ya shiga sito neman takardun, ya tarar gara ta gama da su. Abin da ya rage shi ne fil ɗin da ya haɗa su da shi, shi ma ya yi tsatsa. Tun ranar ya daina yarda da takarda.

A shekarar 1987 wani injiniya Bature, wanda ma'aikata ke kira Mai Lofe, ya tashi komawa gida, ya bar masa ƙaramar kwamfutarsa. Baƙa ce, ba ta kai allon karatu girma ba. Ba ta da fuska tata, sai an jona ta da talabijin ake ganin rubutu. Abin da aka rubuta kuma dole a juye shi a kaset da rakoda, in ba haka ba da an kashe ta ta manta. Kafin ya tafi, Mai Lofe ya shirya masa ita yadda za ta karɓi sunan gida da sunayen mutanen cikinsa. Malam Rufa'i ya samo batirin mota, don kada ɗaukewar wuta ta yi masa ɓarna. Burinsa ɗaya ne: ya mayar da Gangaren Marke wurin da gara ba ta shiga.

Ya fara da gidan mahaifinsa, ya bi maƙwabta. A gida na huɗu kwamfutar ta ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Ƙwaƙwalwarta ta cika.

Ya rubuta wa Mai Lofe wasiƙa. Duk Asabar ta farkon wata sai ya hau mota zuwa Kano ya duba akwatin gidan waya, ya dawo hannu biyu. A zuwa na tara ya tarar da ɗan ƙunshi. A ciki akwai wani baƙin abu kamar sandar sabulu, mai baki da haƙoran ƙarfe, wanda ake cusawa a bayan kwamfutar ya ninka ƙwaƙwalwarta sau goma sha shida. Da ya maƙala shi ya ja da baya ya duba, sai ya ga kamar mace da goyo. Goyo ya ci gaba da kiransa. A ƙarshen wasiƙar Mai Lofe ya ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗi guda: bakin abin ba ya kamawa sosai, in ya motsa ana cikin aiki komai zai goge. Malam Rufa'i ya ɗora kwamfutar a kan benci mai ƙafafu daidai, ya ninke hankici ya tokare goyon da shi.

Saura mai ba da sunayen. Shi gida arba'in da wani abu yake iya kawowa, su ma da giɓi. Wadda ta san garin kaf ita ce ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Asibi, ungozomar Gangaren Marke ta shekara arba'in. Babu gidan da ba ta shiga da asuba ko da tsakar rana ba. A lokacin tana Doguwa wurin jikanta Jibrin, ta tsufa ƙwarai, amma bakinta na nan.

"Akawu, kai da ba ka zuwa sai an yi mutuwa," in ji ta da ta gan shi. "Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Gwaggo. Sunayen mutanenmu nake so ki ba ni, in zuba a na'ura."

"A talabijin? Lado mai kunya, da ko kasuwa ba ya son a gan shi, shi za ka sa a talabijin?"

"Ni kaɗai zan riƙa gani."

"To wannan kuma ya fi ban tausayi."

Duk da haka ta yarda. Jibrin ya kawo ta Bebeji ran Alhamis, ya ce zai dawo ɗaukarta Juma'a da la'asar.

Washegari tun hantsi bai yi ba suka zauna, ita a tabarma ta jingina da bango, shi a gaban benci. Rakoda na gefe, an jona ta da kwamfutar, sabon kaset a ciki yana jiran a gama. Gwaggo ta rufe ido ta ce, "Ta hanyar gabas zan shiga. Kada ka tsayar da ni, in ka tsayar da ni sai na koma bakin gari na sake." Ta shiga. Gidan Mamman maƙeri, da matansa biyu, da 'ya'ya bakwai, har da wadda ta rasu kafin suna. Gidan Dikko, Bafulatanin da ya ajiye sanda ya kama fartanya amma bai daina kiran kowa da fito ba. Gidan Balaraba mai daddawa. Tana faɗa yana bugawa, yatsun shekara ashirin da shida ba su bar ta ta jira ba. Sau biyu ya kalli rakodar, yana son ya juye abin da ya samu, amma juyewa na cin minti bakwai da ƙara kamar ta gyare, kuma ba a katse babba yana tsakiyar magana.

A gida na hamsin da biyu ta ce, "Furera, da ƙafa ta fito, ni na juya ta. Tun ranar ba ta yi wa kowa gardama ba." Yatsunsa suka tsaya. Gwaggo ba ta buɗe ido ba, ta dai ɗan rage sauri har ta ji bugun ya dawo.

Gab da azahar ta fita ta hanyar yamma, ta buɗe ido. Gida tamanin da huɗu, mutum ɗari biyar da goma sha ɗaya.

"Duk suna ciki?"

"Duk, Gwaggo."

"Kira mini gidan Baffa in ji."

Ya danna, gidan kakansa ya fito, ya karanta mata tun daga mai gida har autarsu, ita kanta. Ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta matso da gwiwa har gaban bencin.

"Wannan ɗan na baya shi ya ɗauke su?"

"Shi ne."

Ya juya ya kai hannu kan rakodar. A daidai lokacin Gwaggo ta yi abin da ta yi wa kowane goyo a Gangaren Marke shekara arba'in. Ta ɗora tafin hannu a bayansa ta bubbuga sau uku. "Sannu, ɗan albarka. Ka ɗauki kaya."

Fuskar talabijin ta yi fari fat.

"Ya yi barci?" ta tambaya.

Malam Rufa'i ya dubi farin, ya dubi hannunta da ke kan goyon har yanzu. "Ya yi barci, Gwaggo."

Bayan sun yi salla ya kawo mata fura, ya ce cikin dabara ko za su sake bi ta garin, don a tabbatar. Ta yi dariya. "Garin da ruwa ya ci ake shiga sau biyu? Shekara goma sha biyar ina ɗauke da su, kullum sai na bi su kafin in tashi daga shimfiɗa, don kada wani ya faɗi. Yau na sauke. Ka ji yadda kaina ya yi sakayau?" Ya ɗauke ƙwaryar furar ya kai ciki. Jibrin ya zo da la'asar, ya raka su tasha, ya tsaya har motar ta sha kwana.

Da ya dawo gida ya narkar da kakin zuma ya liƙe goyon da jikin kwamfutar ta kowane gefe. Ya zauna ya shiga ta hanyar gabas shi kaɗai. Abin da kunnensa ya riƙe da abin da yatsunsa suka riƙe ya kai shi gida sittin da ɗaya, wasu cikakku, wasu sunan mai gida kawai. Duk gida biyar sai ya juye a kaset. Sai a lokacin ya lura rakodar ta wuni a gefen Gwaggo da sabon kaset a cikinta. Da ya zare waya ɗaya ya danna jan maɓalli, da muryarta ce a ciki.

Ya yi mako biyu yana jin nauyin komawa. Ran Asabar ta uku ya saɓa rakodar ya hau motar Doguwa, ya durƙusa ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. "Ashe ni na tashe shi," ta ce. Ta rufe ido ta shiga ta gabas. Gidan Mamman maƙeri ya zo, na Dikko ya zo. A gida na tara ta tsaya, leɓenta na motsi. Ta koma bakin gari ta sake, ta sake tsayawa a wuri guda.

"Akawu, ba na ganin ƙofar. Ai na ba ka, ba sa wurina."

Bayan girbin shekarar ta rasu.

Malam Rufa'i ya yi ritaya a 1990. Daga nan aka san shi a kasuwannin Kiru da Yako da Tudun Wada, yana bin rumfuna yana tambayar ko akwai ɗan Gangaren Marke. Wani ya ba shi suna biyu, wani ya ce shi a nan aka haife shi, bai san wani Marke ba. Abin da ya samo ya rubuta a tafin hannu da shuɗin biro, ya kai gida ya shigar. Ofisoshi suka cika da manyan kwamfutoci masu fuskarsu, aka sha ba shi shawara ya yar da tasa, ya ƙi. Zuwa 1996 yana da suna ɗari huɗu da talatin da takwas. Goyon bai ƙara motsi ba, kakin ya yi baƙi ya taurare, kuma akwai sauran wuri a cikinsa.

Gidajen da ya rasa bai haɗe jerin ya rufe gurbinsu ba. Ya bar wa kowanne lambarsa da layinsa babu komai. Duk Juma'a bayan ya dawo daga masallaci sai ya ɗora kaset, ya jira minti bakwai, ya bi garin daga gabas zuwa yamma yana karantawa a hankali. In ya iso gidan da babu suna sai ya dakata, gwargwadon yadda mutum ke tsayawa a ƙofar zaure bayan ya yi sallama, sannan ya danna ya wuce gida na gaba.