Rawanin Tarsem Singh

Tarsem Singh ba ya barin yatsunsa biyu su huta. In ba sa kan gwiwarsa, suna kan tebirin shagona na shayi, tak-tak-tak, har cokula su yi ƙara.

Da can babbar mota yake ja daga birnin Bathinda. Kamar sauran direbobi, yana zuba bukki, garin ɓawon furen maye, a shayi don kore barci. Barcin ya tafi, wasu abubuwan ma suka bi shi. 'Yarsa Paramjit ta ce ba za ta kawo masa jikansa ba sai ya kai girbin alkama bai taɓa garin ba.

Wata nas a asibitin gari ta koya masa abin yi in ƙishin ya taso: ya ƙwanƙwasa gefen hannu, gira, ƙasan ido, haɓa, ƙashin wuya, yana faɗin abin da ke cinsa, ya ƙarasa da tsakar kai. To, tsakar kan tana ƙarƙashin rawani. Nas ta ce ko ta saman rawanin ya isa. Bai yarda ba.

"Yaya, yadi mai nauyi haka, ta ina zai ratsa?" ya ce mini.

Mu kuwa, a addininmu, ba ma buɗe kai a bainar jama'a. Saboda haka in abin ya kama shi, sai ka gan shi yana sauri gida, yana bugun haɓa a hanya.

Gurmel, tsohon abokin tuƙinsa, yakan yi masa ihu: "Makaɗi, bikin wa ake yi? Zo ka sha shayi na gaske!"

"Sha abinka, ɗan banza," in ji Tarsem.

Girbi ya zo. Jajibirin zuwan Paramjit, abin ya riske shi a kasuwar hatsi, nesa da gida, yana sauke buhuna. Ina kallonsa. Gumi ya jiƙa gemunsa. Ya bi gira, ido, haɓa, wuya, hannun ya tashi sama, ya tsaya a bakin rawani. Mutane ko'ina.

Gurmel ya bi ta bayan sito yana taɓa aljihun da yake ajiye bukki. Jim kaɗan Tarsem ma ya nufi can. Wurin ba idon jama'a, mutum zai iya kwance rawani a nan. Zai iya yin wani abin kuma.

Ban bi shi ba. Rabin buhunan na kan tarakta, mai awo yana ta kiran sunansa.