Garwashin Hajja Mai Shayi

A shekarata ta biyu a jami'a a Khartoum na bar ɗakin kwanan ɗalibai na koma Umbadda, gidan wani dattijo da nake kira Kawu. Ba kawuna ba ne na jini. Kakansa da kakan mahaifiyata 'yan gari ɗaya ne. Nasa ya kama hanyar Makka a ƙafa, ya tsaya hutawa a Omdurman, bai sake tashi ba. Kawu yana da gidan burodi a jikin gidansa, furun suke ce masa, kuma da itacen bagaruwa ake hura tandar. Ɗakina yana bayanta. Littattafaina duk ƙaurin hayaƙi suke yi, in na buɗe ɗaya a aji sai na kusa da ni ya waiwayo.

A shekarun ne aka fara fitar da man fetur daga ƙasar, gas ya wadata, gwamnatin soja tana ta kiran masu gidajen burodi su bar itace. Malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu aikin bincike: kowa ya zaɓi ƙaramar sana'a guda, ya rubuta yadda za ta rage hayaƙin da take turawa sama, wanda ke ƙara wa duniya zafi. Ni ba na iya tsayar da baƙo in yi masa tambaya. Na zaɓi furun ɗin da ke bayan bangona.

Wata biyu ina zama a kan buhun fulawa bayan sallar asuba da littafi a cinya. Na rubuta lodin itacen da ake saukewa, na ƙiyasta bishiyoyin da aka sare. Na auna toka a ma'aunin fulawa. Har tarin mai tanda, wani magidanci da ya tsufa a bakin wutar nan, sai da na ƙirga daga asuba zuwa hantsi.

Akwai abin da nake gani kullum amma ban ba shi layi ba. In an fitar da burodin farko, mai tanda yakan jawo garwashi ya zuba a rabin ganga a bakin ƙofa. Sai Hajja ta shigo da tsohon farantin ƙarfe. Tsohuwa ce Bahaushiya haifaffiyar Omdurman, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana sayar da shayi a kwanar da motocin Suk al-Shabi ke ɗaukar leburori. Shebur biyu take ɗiba, ta juye a kanun, wato murhun gawayinta, kafin kowace mai shayi ta gama fifita tata wutar butar shayinta ta tafasa. Masu sammako duk nata ne.

"Mai furun," takan ce wa Kawu, "wutarka ta yau ba ta da ƙarfi, kamar mai ita."

"To ki zo da amalanke mana, Hajja, ki kwashi tandar gaba ɗaya mu huta."

Ni kuma Ustaz take ce min. "Ustaz, me kake rubutawa kullum? Ko rahotonmu kake kai wa masu kaki?" Sai kowa ya yi dariya, ni kuwa in sunkuyar da kai. A littafina, garwashin nan na sa shi a ƙarƙashin abin da ake zubarwa.

Da na gama, na kasa yi wa Kawu magana baki da baki. Na kwafe takardun da Larabci na tura su ƙarƙashin tiren shayinsa. Ranar Juma'a bayan cin abinci ya karanta su da ƙarfi a gaban baƙinsa.

"Jama'a, ashe tari ma ƙirga shi ake yi a jami'a!"

Amma bai yar da su ba. Bayan babbar salla sai ga masu aiki da bututan gas da wani kan wuta mai kama da bakin bindiga. Kawu ya ce min, "Ba don duniyarka na yi ba, Ustaz, da zafinta na same ta. Ƙirjin bawan Allahn nan na duba."

Safiyar farko wutar ta tashi shuɗiya, tana huci, ba hayaƙi ko kaɗan. Ina tsaye ina jin wani daɗin da ban saba ji ba, sai ga Hajja da farantinta. Sai a lokacin na tuna da ita. Da alama Kawu ma haka, don ya juya yana gyara buhunan da ba su buƙatar gyara. Ta dubi rabin gangar, wayam.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, Hajja," in ji mai tanda. "Wannan wutar ba ta barin garwashi."

Ta leƙa tandar ta daɗe. "Ma sha Allah. Tsaf kamar asibiti." Ta sa farantin a ƙarƙashin mayafinta ta fita.

Ta koma sayen gawayi a leda. Idonta ya riga ya yi rauni, hannunta ba ya jure fifita. Ina wucewa zuwa mota nakan gan ta durƙushe tana hura kanun da baki, leburori suna tsaye, suna duban titi. In mota ta zo su ce mata sai gobe. Sannu a hankali suka koma wajen wata matashiya a tsallaken titi. Kujerun Hajja guda shida suka koma uku, sauran ta daina fito da su.

Na yi kwanaki ina shirya magana kafin na iya gaya wa Kawu. Ya ce, "Ɗauki buhun gawayi ka kai mata. Ni in na je zagina za ta yi."

Na sauke buhun a gefenta ina haki.

"Ustaz, wannan na wane ne?"

"Kawu ne ya ce a kawo miki, Hajja."

"Mayar masa." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Abin da nake ɗiba a furun wuta ce da za a zubar. Tun ina yarinya ake aikena ɗiban wuta gidan maƙwabta, ba wanda ya taɓa jin kunyar wannan. Buhu kuwa sadaka ce. Ban kai nan ba tukuna, ya waladi, ɗana."

Na ce, "Ni ne na rubuta takardar da ta sa aka canza tandar."

"Na sani. Mai tanda ya daina tari?"

"Ya ragu sosai."

"To alhamdu lillahi. Zauna ka sha shayi, in wutar nan ta ga dama."

Kafin damina ta tattara kayanta ta koma gidan 'yarta a unguwar Hajj Yusuf, can ƙetaren kogi. Bincikena ya sami yabo. Abin da na rubuta gaskiya ne, har yau ban janye ko layi ɗaya ba: motar itace ta daina zuwa, an shafe bangon furun da farar ƙasa bai sake baƙi ba, mai tanda yana jan numfashi har ƙasan ƙirji. Laifina shi ne na auna toka, ban tambayi inda garwashi yake tafiya ba, alhali a gabana ake fita da shi.

Sau ɗaya na je Hajj Yusuf, gab da komawata gida. Na sha tambaya kafin mai rakasha, wato babur mai ƙafa uku, ya sauke ni a ƙofar gidan. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, a bakin gadon igiya, hannuwanta a cinya. Da murya ta gane ni.

"Ustaz! Ka yi tafiya mai nisa, ga shi ba abin da zan ba ka." Ta nuna kicin da haɓa. "Da gas suke girki a nan. 'Yata ta hana ni taɓawa saboda idona, wai zan ƙone musu gida. Ta je kasuwa. Ka ɗan jira, in ta dawo sai ta dafa mana shayi."

Muka zauna muna jira har aka kira la'asar. 'Yar ba ta dawo ba, ni kuma dole in kama mota kafin gada ta cushe. Hajja ta rako ni bakin ƙofa tana dafa bango, tana ta ba ni haƙuri.