Magen Uwani Mai Ƙuli-ƙuli

Duk wanda ya tashi a Unguwar Kanawa, in dai ya taɓa shan gari da ƙuli, to ya san ƙofar gidan Uwani. Ni Ladi mai kitso, katanga ce kawai ta raba mu, kuma tun ina amarya nake yi mata kitso har kan ya yi fari fat. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Uwani ba ta san wata sana'a ba sai gyaɗa. Ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli. Mijinta Malam Sanda tela ne, mutumin kirki, amma kekensa bai taɓa riƙe gida ba, kuma ya rasu da wuri. Da turmi da kasko ta yi wa ɗanta Shamsuddeen karatu har ya zama babban ma'aikacin gwamnati. Shi ne na fari, shi kaɗai kuma ya rayu. Hannuwanta duk tabon mai ne.

Uwani irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai baki da baki. In tana son abu sai ta faɗa wa wani ya faɗa masa, kuma shekara da shekaru ni ce 'yar aiken. Na sha tsokanarta, in ce, "Inna, ɗan da kika haifa ko surukinki?" Sai ta yi dariya ta ce in rufa mata baki.

Gidan da ake ajiye buhunan gyaɗa ɓera ba ya barinsa, shi ya sa ba a taɓa rasa mage a ɗakinta ba. Ta ƙarshe ita ce Toka, wata siririya mai ruwan toka, mai ƙaton kunne. Da ita Uwani take hira. Abin da ba za ta iya faɗa wa ɗanta ba, Toka take faɗa wa, ita kuwa tana kwance a kan ƙafarta tana lumshe ido.

Da ciwon gwiwa ya hana ta tsugunno gaban murhu, Shamsuddeen ya zo ya ɗauke ta zuwa gidansa a Unguwar Rimi. Mutanen unguwa suna ta sa masa albarka. Turmi da kasko ta rabar wa maƙwabta, ta shiga mota da akwati ɗaya, da Toka a cikin kwali. Ni kuwa ban fasa bin ta can ina yi mata kitso ba.

Gida kam gida ne, ba zan yi ƙarya ba. Katanga mai waya, tagogi duk raga, ƙofofi kullum a rufe saboda sauro. Falon yana da irin farin silin nan na zamani mai zane-zane, da ƙananan fitilu a jikinsa. To magen da ta saba bin katangun unguwa, ita ce aka kulle a nan. Me kuke zato?

Ɓarna dai ta yi ta, wallahi ta yi. Kujerun leda ta yage musu hannu har soso ya fito. Labule ta mai da shi abin lilo. Ta yi fitsari a kafet ɗin da ake shimfiɗa wa baƙi. Ta hau madubin Fiddausi, matar gidan, ta zubar da kwalaben humra. Fiddausi ba muguwa ba ce, matsoraciya ce. Sai ta goge ɓarnar ta yi shiru, don ta san halin mijinta in ya hau.

Shi kuwa da ya gani sai ya sa hannu da kansa. Ya barbaɗa barkono a kan kujeru, mage ta wuni tana atishawa tana murza ido da ƙafa. Ya ɗaure ta da igiyar shanya a bayan kicin, cikin rana, har wuyanta ya saɓule. Ran da ta yi kashi a bayan talabijin, ruwan zafi ya watsa mata daga buta, gashin gefenta ya zube, bai ƙara fitowa ba. Uwani tana ɗakinta tana jin ihun. Ba ta fito ba. Da ya tafi ofis sai ta ɗauko ta ta shafa mata man gyaɗa, tana cewa, "Yi haƙuri, ba gidanmu ba ne."

Na ce mata, "Inna, ki yi masa magana mana!"

Ta ce, "Ladi, da wane bakin?"

Ana cikin haka Toka ta samo wa kanta hanya. A cikin sito akwai wani ɗan rami a sama inda bututu ya wuce, ko hannun babba ba ya shiga sosai. Ta nan take hawa cikin rufi, ta nan take fita yawo. Ba a jima ba ciki ya fito, sannan wata rana ta sauko wayam, nonuwa a cike. Uwani ta gane ta haihu a sama. Ta kira Fiddausi ta ce, "Ki faɗa wa yaron nan, magen tana da 'ya'ya a cikin silin, a ɗaga mata ƙafa har su yi wayo." Fiddausi ta ce, "To, Inna." Ba ta faɗa ba. A lokacin an ƙara masa girma a wurin aiki, yana shirin walima, kowa a gidan tafiya yake a hankali.

Mai jego kuwa yunwa ce da ita. Wata safiya ta hau kantar kicin tana bin ƙanshin soyayyen nama, ta ture jerin farantan tangaran da aka fito da su don walima. Ina ɗakin Uwani, na raba mata kai ke nan, muka ji ratsatsa, sannan muka ji ihun mage. Kafin in taimaka mata ta miƙe da gwiwar nan, mu fito tsakar gida, maigadi har ya jefa buhu da magen a ciki a bayan mota, Shamsuddeen ya ja ya fita.

Da ya dawo ya same mu a falo. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce da ni, don ya san uwar ba za ta tambaya ba, "Na kai ta gaba da Katabu na sake ta a daji. Ban kashe ta ba. Ni ba zan ɗauki alhakin mage ba."

Na ce, "Alhaji, ai jego take! 'Ya'yanta suna saman kanka."

Ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya ce, "Ɓeraye ne."

Kafin la'asar aka fara jin su. Wani siririn kuka, tsiu tsiu, daidai saman kujerarsa. Ɓera dai ba ya wannan kukan, kowa ya sani.

Washegari na hau keken haya har Katabu. Na bi bakin titi ina kiran mage kamar mahaukaciya, masu sayar da rake suna kallona. Ko gashinta ban gani ba. Na dawo na tarar Uwani ta sa maigadi ya ɗora mata murfin kwano da madara a bakin ramin sito. Ina amfani? Ko ido ba su buɗe ba, kuma suna can saman tsakiyar falo. Ta roƙe shi ya hau ya ɗaga kwanon rufi, ya ce Alhaji ya hana a taɓa komai, shi kuma yana son aikinsa.

Daga nan ta dawo falo da zama, falon da a da ko leƙa shi ba ta yi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa daidai wurin. Ba ta cin abinci, sai dai ta ɗaga kai. In kukan ya tsaya sai ta riƙe numfashi, in ya dawo ta ce, "Suna nan."

Da yamma Alhaji ya shigo daga ofis, yana waya. Uwani ta dafa kujera ta miƙe. Ta dube shi cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Shamsuddeen."

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Fiddausi ta saki cokalin da ke hannunta. Shi kansa ya sauke wayar daga kunne, baki buɗe. Mutum ya yi furfura a gemu, ranar ya fara jin sunansa a bakin uwarsa.

Ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka sa a fasa nan a ciro su. Ni zan shayar da su da cokali."

Ya tsaya yana kallonta. Na ce a raina, to, yau dai an gama. Sai ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka ba kunya gaban mutane, ya ce, "Haba Inna. Wannan silin ai ba ya fasuwa, a haɗe yake gaba ɗaya. Ga baƙi na tafe. A kan 'ya'yan mage?" Ya ɗauki rimot ya ƙara wa talabijin murya.

Uwani ta koma ta zauna a tabarmarta. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, don takaici, na ce masa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah." Ya ce in na gama kitson ƙofa a buɗe take.

Kukan ya dinga raguwa. Daga muryoyi da yawa ya koma ɗaya, ita ma sai an kasa kunne. Ranar walima ba a jin komai. Aka naɗe tabarmar Uwani aka mai da ta ɗaki, aka sa mata sabon leshi. Baƙi suka cika falo, suka ci suka sha, suna yaba gida. Wani dattijo daga ofis ɗinsu ya yi doguwar addu'a, ya ce duk wannan ɗaukakar albarkar riƙe mahaifiya ce. Aka shafa.

Bayan walima zafi ya yi aikinsa. Wari ya fara saukowa, Fiddausi ta yi ta turaren wuta a banza. Ƙudaje suka taru a jikin fitilun. Shamsuddeen ya shigo da rana ya toshe hanci, nan take ya ɗaga waya. Kafin a kira azahar mai gyaran silin ya iso da tsani da guduma.

Uwani ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ina riƙe da ita. Mutumin ya ɗan bubbuga, farar ƙasa ta zubo a kan kafet, rami ya buɗe. Ya zura hannu da baƙar leda ya kwaso su, ya ƙulle, ya miƙa wa maigadi ya kai bola. Duka aikin bai kai a dafa shayi ba.

Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe yana fasuwa."

Shamsuddeen bai juyo ba. Yana tambayar mai gyara ko in an liƙe wurin za a gane.