Wuƙar Kakanmu da Ƙaryar da Aka Ɗora Mata

Kakanmu falke ne. Shanu yake korowa daga arewa, ya koma da goro, har tsufa ya zaunar da shi a Tamale. Abin da ya bari wanda ido zai tsaya a kai shi ne wuƙarsa ta damtse. Ƙotarta tagulla ce, an naɗe ta da zaren azurfa siriri, maƙerin ya zana mata ƙananan taurari har zuwa bakin kube. Kuben na jar fata ne, ya yi duhu saboda zufa. Ina ƙarama na sha ganinsa yana fere mana rake da ita.

Bayan rasuwar Baba, wuƙar ta koma hannun yayana a gidanmu na unguwar Nyohini. Ni aure ya kai ni unguwar Gumbihini, ban ƙara tambayarta ba.

Wata maƙwabciyata mai son kayan gargajiya ce ta miƙo mini wayarta, ta ce in duba wannan abin tsoro. Hoton wuƙa ne a kan baƙin ƙyalle, a shafin wani dillalin kayan tarihi na cikin gari. Na gane ta nan take, har da lotsawar da ke gindin ƙotar. Amma an shafa wa ruwan wuƙar wani abu ya yi tsatsa-tsatsa, kamar busasshen jini. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa ta wani maharbin bayi ce, wanda ya ƙone ƙauyuka, kuma da ita yake yanka waɗanda suka kasa tafiya.

Ban san lokacin da na hau babur ɗin haya na nufi wurin dillalin ba. Shagon cike yake da takubba da wuƙaƙe, wasu na tabbata ko shekara ba su yi da fitowa daga maƙera ba. Dillalin dattijo ne, yana zaune da carbi.

Na nuna masa hoton, na ce, "Alhaji, ina wannan?"

"Ta tafi, Hajiya. Wani mai tara irin waɗannan kaya ya saya, tana Turai yanzu."

"Wuƙar kakana ce. Mutumin da ko kaza zai yanka sai ya kawar da kai. Wa ya ba ka izinin mayar da shi mai kisan mutane?"

Ya ajiye carbin a hankali. "Masu saye ba ƙarfe kaɗai suke so ba, labari suke so. Tsatsar ni na sa. Labarin kuwa, wanda ya kawo wuƙar ne ya ba ni."

Na ce ya goge rubutun. Ya ce ya riga ya tafi tare da kayan, an buga shi an manna a jikin akwatin.

Na samu Yaya a ƙofar gida yana wanke babur ɗinsa. Ban gaishe shi ba.

"Yaya, kai ka ce Kaka bayi yake kamawa?"

Bai ɗago ba. Ya ce da farko ya faɗi gaskiya, dillalin ya taɓe baki, ya ce wuƙar mai shanu ba ta da kasuwa. Sai ya ƙara gishiri. Ya nuna mini sabon rufin kwanon da ke kan ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya ce, "Da damina ina kike lokacin da take tara kwanoni a kan gado saboda yoyo?"

Na ce da ya sayar kawai, zan yi kuka in haƙura. Amma yanzu akwai wani gida a wata ƙasa inda ake nuna wa baƙi wuƙar, ana tsine wa mutumin da ya goya mu. Ya ce ai ba a rubuta sunansa ba. Wannan amsar ta fi komai ƙona mini rai, domin na ga da gaske ya ɗauka ta wadatar.

Inna ba ta sani ba har yau, kuma ba ni zan faɗa mata ba. Ina zuwa duba ta duk Juma'a, in zauna a ɗakinta da ba ya yoyo. Idan matar Yaya ta kawo tuwo, sai in ce na ƙoshi. Inna ta fara lura. Makon jiya ta tambaye ni ko ciwon ciki nake yi, na ce mata eh.