Shahida, Mutaru Yana Hanya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, goma ga watan Yuni na shekarar 2025, bayan sallar azahar, labari ya iske ni a unguwar Sabonjida, nan Tamale, cewa Allah ya karɓi ran Shahida Abdul-Ganiyu bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi mata sutura a Tishigu kafin magariba. Ni tsoho ne, na raka mutane da yawa makwancinsu, amma wannan mutuwar ta girgiza ni ƙwarai.

'Yata Shahida, ban haife ki ba, amma haka nake kiranki tun ranar da kika shigo gidana saboda ɗana Mutaru. Aikinki shi ne koya wa masu lalura yadda za su tafiyar da harkokin yau da kullum da kansu, kama daga wanka har zuwa sana'a. Shi kuwa Mutaru yana da abin da likitoci ke kira otizim. Ya haura talatin, hayaniya tana gigita shi, ba ya son a taɓa shi, maganarsa kaɗan ce. Tun rasuwar mahaifiyarsa ni ne bakinsa, ni ne ƙafarsa, kuma tambaya ɗaya ce ke hana ni sukuni: in na mutu, wa zai riƙe shi?

Na zaci magani kika kawo. Sai kika jawo kujera kika zauna a tsakar gida kina kallonsa, har na fara tunanin ko malalaciya aka turo mini. Ashe kallon ma aiki ne. Ke kika lura cewa duk sanda ransa ya dagule, yakan shige ɗakina ya lulluɓa da tsohon fuguna, rigar saƙin nan mai nauyi, mu kuwa sai mu ƙwace. Kika ce nauyin ne ke kwantar masa da jiki, a bar masa. Kika gano ba wanka yake ƙi ba, ruwan da ake sheƙa masa a ka ne, sai kika ba shi kofi ya fara daga ƙafa. Kasuwa kuwa kuna zuwa sanda jama'a suka ragu, da auduga a kunnensa, wurin mai tumatir ɗaya, har ya saba ya sayo da kansa.

Rabin aikinki ma a kanmu kika yi shi. A garin da ake durƙusa wa babba a yi ta gaisuwar “naa, naa” sai gwiwa ta yi tsami, ana ganin Mutaru mara tarbiyya ne don ba ya yin haka. Gida-gida kika bi kina fahimtar da maƙwabta, ba tare da kin kunyata kowa ba. Daga baya kika samo masa wurin naɗa zare a wata masaƙa a Dungu.

Nan muka saɓa. Kin yi ta shiga yalo-yalo da shi, keken nan mai ƙafa uku, kina gefensa. Sannan kika koma bin sa a wani keken. Da kika ce lokaci ya yi da zai tafi shi kaɗai, na ce atafau. Har yau ina da hujjata, don duk wanda ya san baburan Tamale ba zai ga laifina ba. Na ce miki ai ko na mutu, a hannunki zan bar shi amana.

Kika ce, “Baba, kar ka bar shi hannuna. Ka bar shi hannun kanshi.”

Na ce wannan maganar yara ce. Kika yi dariya, kika ci gaba da raka shi, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba.

Da kika rasu, na gaya masa yadda kika koya mini, a fili, ba tare da cewa kin yi tafiya ba. Yau da safe ya yi wanka, ya tsaya a gabana.

“Baba, Anti ya mutu. Zan je in gaida mamanshi. Ni ɗaya.”

Ya san gidan, kin sha kai shi. Duk da haka tsoro ya kama ni. Na raka shi bakin titi, ya tsai da keke da hannunsa, ya shiga bai waiwayo ba. Na dawo na zauna ina wannan rubutu ne don in hana kaina bin sa, kuma har yanzu bai dawo ba.

Allah ya jiƙanki, Shahida. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa haƙurin da kika yi da mu ya zame miki nauyi a mizani. Ga mahaifiyarki Hajiya Memunatu, da mijinki, da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Idan wani saurayi ya shigo muku, bai durƙusa ba, bai dubi fuskar kowa ba, ya faɗi kalma biyu ya juya, don Allah ku karɓa masa da kyau. Aikin 'yarku ne ya zo muku gaisuwa da ƙafarsa.