Takalman Staf a Bokiti

Shekara arba'in Staf Verhulst yana hawan keke tare da mu duk Lahadi a Oudenaarde. Dabara ɗaya ya gada wurin ubansa: ka sayi takalmin tsere da ya matse ka, ka jiƙa shi a bokiti, ka hau keke da shi har ya bushe a ƙafarka. A zamanin takalmin fata, dabarar tana ci: fatar tana saki ta ɗauki siffar ƙafa.

Da ya bar aikin masaƙa, 'yarsa ta saya masa na zamani, mai tauri kamar katako, wanda ke maƙalewa a feda. Staf ya koma shagon takalma ya canzo ƙarami, ya tsoma a ruwa.

Na ce, "Haba Staf, wannan ba fatar saniya ba ce."

Ya ce, "Kai dai ji da tumbinka. Zai saki."

Shekara biyu yana jiƙawa yana sawa, yana cije baki. Takalmi bai saki ba, jijiyar yatsunsa ce ta mutu. Yanzu ran Lahadi bakin taga yake zama da silifa, in ya hango mu sai ya saki labule. Matarsa ta ce har yau takalman suna cikin bokiti.