Kunfu da Ruwan Tumatirina

Ina da shekara arba'in da ɗoriya na shiga koyon kunfu, faɗan nan na 'yan Chana, kuma kar wani ya yi min kyakkyawan zaton cewa don lafiyar jiki ne. Mutum nake so in daka.

Gonata ta tumatir tana ƙarshen layin ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye kamar a ƙafa ya tako daga madatsar Tiga. Maƙwabcina na sama kuwa shinkafa yake yi, ita kuma shinkafa ba ta san ƙoshi ba. Duk ranar da rabon ruwa ya zo kaina, sai ya jefa buhunan yashi biyu a hanyar ruwan, ya karkata shi gonarsa. Tsohon ɗan dambe ne, wuyansa ya fi cinyata kauri. In na je magana sai ya ce, "Ƙanena, ruwan Allah ne, yi haƙuri zai iso." Tumatirina ya fara fure, da rana tsaka ganyen ya langaɓe, ga shi duk abin da na samu da damina a cikinsa na zuba.

Sai na ji labarin wani mai gyaran babur da yake koyar da kunfu a filin firamare bayan sallar asuba. Masta ake ce masa. Siriri ne, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi.

Na ce, "Masta, wanda ake tashi sama a shuri ƙato a kunne nake so. Sati biyu gare ni."

Ya ce, "To, Baba. Buɗe ƙafa. Lanƙwasa gwiwa. Sauka kamar za ka zauna a kujera."

"Ina kujerar?"

"Babu. Sunanta tsayuwar doki. Miƙe bayanka."

Kafin minti ɗaya cinyoyina sun kama kaɗawa kamar injin casar shinkafa. Gumin da na zubar a filin nan, da a gonata ya zuba da ban nemi kowa da faɗa ba. Washegari tsayuwar doki. Jibi tsayuwar doki. Na tambayi shuri, ya ce wanda bai iya tsayuwa da ƙafa biyu ba, ina zai ga ta ɗagawa. A gida sai na dafa bango nake tashi daga tabarma. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wai kai ne kake koyon dukan, ko da kai ake koya?"

Sati biyu suka cika ban iya komai ba sai zama a kan iska. Amma dai na kai minti goma.

Ranar rabona na sammaka. Buhunan suna nan. Na faɗa cikin ruwan, na ciccire su na yar gefe, na tsaya daidai inda yake jefa su. Can sai ga shi tafe a kan kunya, fartanya a kafaɗa. Abu ɗaya na sani a duniya, shi na yi: na buɗe ƙafa, na sauka har ruwa ya rufe min ƙugu, na dunƙule hannu, na haɗe rai, na ƙura ido gaba.

Ya tsaya cak. Ya dube ni. Sai na ga ya kau da kai da sauri, ya juya min baya.

"Subhanallahi. Ƙanena, a cikin ruwan? Mutane fa alwala suke yi da shi."

"Yaya, ba abin da kake..."

"Kar ka yi magana, ba kyau. Gama abinka, ba na kallonka."

Ya matsa can bayan shinkafarsa ya tsaya. A nan na gane makamin da Allah ya ba ni. Mutumin nan zai iya karya min haƙarƙari, amma ba zai taɓa tunkarar babban mutum a tsugune ba. Ruwa kuwa yana bi ta tsakanin ƙafafuna, yana gangarawa gonata kamar an biya shi.

Jim kaɗan ya yi gyaran murya. "An gama?"

Na ce, "Da saura."

In ya juya baya in ɗan miƙe in huta, in na ga ƙeyarsa ta motsa in koma. Mun fi awa a haka. Daga ƙarshe ya ɗaga murya, bai waiwayo ba: "Ruwan yau kam na bar maka, ba zai shiga shinkafata ba. Allah ya sawwaƙe."

Tumatir ya sha ya ƙoshi. Kafin la'asar duk layin an san ina fama da ciki, har iyalinsa suka aiko min da jiƙon sabara, na kuma shanye a gaban mai aiken don kar magana ta tashi. Tun daga nan, ranar rabona ko kusa da hanyar ruwan ba ya zuwa.

Na ba Masta labari ina jiran yabo. Ya gama ɗaure tayar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Bayanka a miƙe yake?"

Na ce, "Gaskiya ya ɗan ranƙwafa."

"To gobe ka zo da wuri."